Bizar aiki a ƙasashen waje: wa ya kamata ya biya kuɗin ɗaukar ma'aikaci?

Da an gama girbin hatsi, tasoshin motar Tawa kan cika da samarin Kalfu, Barmu, Afala da Takanamat masu tafiya bida. Adarawa sun daɗe da sanin hanyar Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya. Yanzu kuma ana tallata wata hanyar a WhatsApp da Facebook: bizar aiki zuwa Saudiyya, Katar ko Dubai. Dillali kan ce a kawo fasfo da kuɗi, aiki na jira. Don haka wani ya saida bisashe, wani ya jinginar da gona.

A ƙasashen Larabawan yankin Gulf, ba ma'aikaci ne ke nemar wa kansa bizar aiki ba. Mai aikin ne ke neman izini wurin hukumomin ƙasarsa, kuma bizar na fitowa a ɗaure da sunansa. Wannan shi ne tsarin kafala. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta ba da damar yin aiki, wanda aka kama yana aiki da ita kuwa ana iya tsare shi a maido shi gida.

Game da kuɗi, yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, wadda aka tsara a 1997 kuma Nijar ta amince da ita a 2015, ta fayyace magana. Sashe na 7 ya hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki, kai tsaye ko ta bayan fage, sai a wuraren da hukuma ta keɓe. Mai buƙatar ma'aikaci shi ke biya. Sashe na 5 kuma ya hana nuna bambanci saboda launin fata, addini, jinsi ko asali. A 2015 ɗin ne Nijar ta zama ƙasa ta farko da ta amince da ƙarin yarjejeniyar 2014 kan aikin tilas, wadda ta ɗora wa gwamnatoci alhakin kare ƴan ci-rani daga yaudarar masu ɗaukar aiki.

Dalilin wannan ƙa'ida a fili yake. In dillali daga aljihun mai neman aiki yake ci, to wanda ya fi biya zai zaɓa, ko da akwai magini ko direban da ya fi shi iya aikin. Shi kuma wanda ya biya da bashi yake sauka. Ko an rage masa albashi, ko an sauya masa aiki, ba ya iya cewa uffan, domin masu bin sa bashi na jiran sa a gida.

An yi wasu gyare-gyare a can. A 2020 Katar ta soke sharaɗin neman yardar mai gida kafin a sauya aiki, ta kuma tsaida mafi ƙarancin albashi a riyal 1,000 a wata. Saudiyya ta sassauta kafala a watan Maris na 2021, amma sassaucin bai haɗa da ƴan aikin gida, direbobin gida da makiyaya ba.

A Nijar, harkar samar da aiki na ƙarƙashin dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 da hukumar ANPE. Kamfani mai zaman kansa sai da izinin gwamnati yake wannan sana'a. Yaudarar mutum a kai shi aikin bauta kuwa laifi ne a dokar 2010-86 ta yaƙi da fataucin mutane.

Kafin mai neman aiki ya miƙa ko dala, ya kamata ya ga takardar izinin kamfanin, ya tabbatar da ita a ANPE ko ofishin sufeton aiki na Tawa. Ya karɓi yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da sunan mai aikin, albashi, awannin aiki, masauki da kuɗin jirgin dawowa. In da Larabci ko Ingilishi aka rubuta ta, a samu wanda ba ɗan kamfanin ba ya fassara masa. Fasfonsa ya zauna a hannunsa, ya kuma bar wa iyalinsa kwafin dukan takardun da lambar wayar ofishin jakadancin Nijar na ƙasar da za shi.