TSIBIRIN DA BA A SHIGA SAI DA IZINI

A can tsakiyar Tekun Pasifik, cikin tsibiran Hawayi na ƙasar Amurka, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Ni'ihau. Tsakaninsa da maƙwabcinsa Kauai bai fi mil 18 ba, amma baƙo ba ya sa ƙafa a cikinsa sai da izinin masu shi.

Masu shi kuwa ba gwamnati ba ce. A cikin 1864 ne wata Baturiya 'yar Sikotilan, Elizabeth Sinclair, ta saye shi daga hannun Sarki Kamehameha na Biyar a kan dala 10,000. Har yau yana hannun zuriyarta, watau gidan Robinson. A 1915 suka rufe wa baƙi ƙofa.

Wannan rufewa ta yi rana. Bayan da aka tumɓuke sarautar Hawayi a 1893, sai aka kafa doka a 1896 cewa da Turanci za a riƙa koyarwa a makarantu. Kafin a ankara harshen Hawayi ya kusa ɓacewa a sauran tsibiran. Amma a Puuwai, ƙauye ɗaya tak na Ni'ihau, da shi ake raino, da shi ake hira, da shi ake addu'a a coci. Da aka tashi farfaɗo da harshen wajen 1984, mutanen nan suna cikin malaman farko.

Zaman nasu na gargajiya ne. Babu titin kwalta, babu asibiti, ba a yarda da giya ba. Ruwan sama suke tarawa, wuta kuma daga hasken rana. Maza na su da farauta, mata na tsintar ƙananan katantanwa a bakin teku suna shirya abin wuya mai tsadar gaske. Ba mai biyan kuɗin haya.

To, amma fa akwai sauran rina a kaba. Ƙasar da suka gada kaka da kakanni ba tasu ba ce, zaman alfarma suke yi. Garken gidan Robinson da ke ba su aiki ya daina tafiya a 1999, jama'a da dama suka ƙaura Kauai neman aiki da magani. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 170, ta 2020 kuwa 84 kacal.

Ashe ƙofa tana iya tare baƙo, amma ba ta hana ɗan gida fita. In matasa suka watse, wa zai yi wa jikoki magana da harshen?