Gorin Baƙar Fata Daga Gida Yake Farawa: Abin da Littattafan Yaran Amurka Ke Tonawa

A Amurka akwai matakin karatu tsakanin firamare da babbar sakandare, daga aji shida zuwa takwas, inda yara ke da shekara 11 zuwa 14. Lokaci ne da jiki ke sauyawa, ƙuraje su feso a fuska, yarinya ta fara auna kanta da idon ƙawaye. Wanda ka zauna da shi a ɗakin cin abinci ma sai ya zama shaidar matsayinka a makaranta. Marubutan ƙasar sun daɗe suna yi wa waɗannan yara ƙagaggun labarai, kuma ba tatsuniyar lallashi suke yi musu ba. Tun a 1974 Judy Blume ta fitar da Blubber, labarin yarinyar da 'yan aji suka sako a gaba saboda ƙiba.

Amma littattafan da suka fi sosa zuciya su ne waɗanda baƙar fatar Amurka suka rubuta kan wariyar da ke tsakanin su kansu, wato fifita mai haske a kan mai duhu. A 1998 Sharon G. Flake ta wallafa The Skin I'm In. Tauraruwarsa Maleeka 'yar aji bakwai ce, baƙa wuluk, tana sa kayan da mahaifiyarta ke ɗinka mata tun bayan rasuwar mahaifinta. Don ta samu shiga gungun 'yan gayu, sai ta riƙa yi wa shugabarsu aikin gida, ita kuma tana ara mata tufafi. Marubuciyar ta fahimci abin da manya ke mantawa: yarinyar da ake wulaƙantawa a cikin gungu takan gwammace wulaƙancin a kan zama ita kaɗai.

Shekara ashirin da ɗaya bayan haka, a 2019, Alicia D. Williams ta zo da Genesis Begins Again, wanda a ganina ya fi shiga cikin ƙashi. Genesis 'yar shekara 13 ce a yankin Ditiroit. Ranar da ta samu 'yan matan da take kwaɗayin ƙawance da su suka raka ta gida, sai suka tarar an watso kayansu waje, domin uban bai biya haya ba. Mashayi ne, ɗan caca, kuma sirrin da gidan ke fama da rufewa ke nan. Yarinyar tana da takarda da take jera dalilan da suka sa ta tsani kanta, har sun kai 96. 'Yan makaranta ne suka fara rubuta mata jerin, ita kuma ta karɓa ta ci gaba da hannunta. Ta goga lemon tsami a jiki, ta dirje fata har ta ji ciwo, duk don ta yi haske irin na mahaifiyarta.

To wa ya koya mata? Nan ne littafin ya taɓo inda ke ciwo. Uban, wanda shi ma baƙi ne, in ya bugu sai ya goranta mata cewa ba ta ɗauko uwarta ba. Kakarta ta wajen uwa kuwa ta ba ta tarihin dangin, yadda ake gwada fatar mai neman aure da jakar takarda ruwan ƙasa irin ta kanti. Wanda ya fi ta duhu ba ya shiga zuri'ar. Wannan gwaji ba ƙirƙirar marubuciya ba ne, an san shi a tarihin baƙar fatar Amurka, kuma tushensa yana komawa zamanin bauta, lokacin da ake fifita bayi masu haske. 'Yan makaranta ba su ƙago zagin ba, sun tarar da raunin a buɗe ne.

Littafin Williams ya samu karramawar Newbery ta littattafan yara a 2020, shekarar da New Kid na Jerry Craft, labarin yaro baƙi a makarantar kuɗi ta masu hali a Niyok, ya zama littafin zane na farko da ya lashe babbar lambar. Ba kowa ya yi murna ba. A 2021 wata gundumar makarantu a jihar Tekzas ta janye littafin Craft na ɗan lokaci bayan ƙorafin wasu iyaye, sannan ta mayar da shi.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji labarin Genesis baƙo ba. Mu ma muna da kirarin farar mace alkyabbar mata, muna da goggon da ke kallon jaririya ranar suna ta duba kunnenta ta ce wannan baƙa za ta yi. Man bilicin ya cika kasuwanninmu, har hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, ga kuma iyayen da ke shafa wa ƙananan yara da hannunsu. Sinadaran da ke cikin irin waɗannan mayuka suna sirantar da fata, wasu kuma suna lalata ƙoda.

Williams ba ta rufe labarinta da yi wa yara ƙarya ba. Malamar waƙa ta haɗa Genesis da muryoyin Billie Holiday da Etta James, ta hau dandamali ta rera waƙa a gaban makaranta, ta sami ƙawaye na gaskiya. Amma uban bai warke daga shaye-shaye dare ɗaya ba, kuma zaman gidan bai gama daidaita ba har shafin ƙarshe.