Daga Tiliya zuwa Fambita: addu'a a bakin bindiga

Ranar Juma'a 21 ga watan Maris 2025, azumi ya kai wajen kwana 20, mutanen garin Fambita da ke cikin kwamin ɗin Kokoru ta gundumar Tera, jihar Tilaberi, suka hallara a masallaci domin sallar Juma'a. Wajen ƙarfe 2 na rana ƴan bindiga suka kewaye masallacin, suka buɗe wa masallata wuta. Sanarwar da gwamnati ta fitar ta ce mutum 44 suka rasu, 13 suka ji rauni, kuma kafin maharan su tafi sai da suka cinna wa kasuwa da gidaje wuta. An ɗora alhakin harin a kan ƙungiyar EIGS, watau reshen Da'esh na yankin Sahel, aka kuma ware kwana 3 na zaman makoki a ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce wata 3 bayan haka, a cikin Yuni, an sake irin wannan aika-aika a masallacin garin Manda, cikin jihar ta Tilaberi, inda aka kashe masallata fiye da 70.

Mai karatu, duk wanda ya ji labari irin wannan zai yi tsammanin tsoro ya raba mutane da masallaci, ko ma ya raba wasu da imaninsu, tun da masu kisan da sunan addini suke yi, kuma a ɗakin Allah suka yi. To sai dai abin da waɗanda suka tsira ke fara yi bayan ƙura ta lafa shi ne su tattara gawarwaki, su yi sahu, su sallace su, su ɗaga hannu. Wannan riƙo da addu'a a tsakiyar masifa shi ne abin da za mu duba a wannan shafi, tare da nauyin da yake ɗora mana mu da muke nesa da bakin bindiga.

Yadda wutar ta zagaya ƙasa

Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015 ne Boko Haram ta kai harin farko a garuruwan Boso da Difa. Dokar ta-ɓaci da aka kafa bayan haka ta hana hawan babur, ta dakatar da cinikin kifi da tattasai, alhali da su ne talakan Difa yake ci da iyalinsa. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mazauna tsibiran tafkin Cadi, dubban mutane suka yi tafiyar kwanaki a ƙasa cikin zafin bazara. A farkon Yuli 2017 aka afka wa garin Ngalewa, aka kashe mutum 9, aka yi awon gaba da mata da yara fiye da 30.

Daga gabas wutar ta kama yamma. Ranar 2 ga Janairu 2021 an kashe kimanin mutum 100 a garuruwan Comabangu da Zarumdarai na gundumar Walam. Ranar 21 ga Maris 2021, watau shekara 4 cif kafin Fambita, mutum 137 suka rasa rayukansu a Intazayen da Bakorat da Wistan, cikin yankin Tiliya na jihar Tawa. A kudancin jihar Maraɗi kuwa, tun daga 2019 dubun dubatar ƴan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna tsere wa ƴan fashin daji, kuma satar mutane domin kuɗin fansa ta tsallako har gundumomin Madarunfa da Gidan Runji.

Bayan kowane adadi daga cikin waɗannan akwai gida da ya rushe. Akwai matar da ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10 a ƙarƙashin tanti, a garin da ba nata ba. Akwai tsohon da ya sayar da shanun huɗa da gonar gado domin ya fanshi ɗansa. Akwai manomin da damina ta faɗi yana kallon hadari daga sansani, ba halin zuwa shuka. Irin wannan mutum an raba shi da rumbu da garke da kasuwa, amma alwala da sujada da tasbaha suna nan tare da shi duk inda ƙafa ta kai shi, ko ruwa ya yanke akwai taimama.

Asalin alƙunutu

Idan masifa ta sauka, kalmar da ake yawan ji a masallatanmu ita ce alƙunutu. Mafi yawan Musulmin Nijar mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma sun saba da alƙunutun sallar asuba, wanda ake yi a asirce a raka'a ta biyu. Amma akwai wanda ake kira alƙunutun nazila, watau na saukar bala'i, wanda liman ke yi a bayyane, mamu suna cewa amin.

Asalinsa ma zubar da jini ne. A shekara ta 4 bayan hijira aka nemi Manzon Allah (SAW) ya tura masu karantar da addini zuwa wajen Najadu. Ya tura kimanin mutum 70 daga cikin makarantan Alƙur'ani, aka yi musu kwanton ɓauna a wata rijiya da ake kira Bi'iru Ma'una, aka kashe kusan dukkansu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya yi wata guda yana alƙunutu a kan ƙabilun da suka ci amanar, daga baya ya bari. Malamai na fitar da darussa biyu daga nan. Na farko, baƙin ciki da kai ƙara wurin Allah ba raunin imani ba ne, tun da wanda ya fi kowa imani ya yi. Na biyu, ya ambaci waɗanda suka yi ta'asar ne kaɗai, kuma addu'ar ta yi iyaka, ba ta zama gaba ta har abada ba.

Haka nan a shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda ya rasa matarsa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib, ya je Ɗa'ifa neman mafaka aka jefe shi da duwatsu har ya yi jini. Da aka ba shi zaɓin a halaka mutanen garin, bai karɓa ba, ya yi fatan a samu masu bauta wa Allah daga zuriyarsu. Masu wa'azi kan kawo wannan ƙissa a zaman makoki domin su kwantar da zuciyar samari, waɗanda jininsu ke tafasa.

Shekara 2 a hannun maharan

Wannan wuta ba ta tambayar addinin mutum kafin ta ci shi. A daren 17 ga Satumba 2018 ƴan bindiga suka shiga Bomowanga, wani ƙauye a wajen Makalondi kusa da iyakar Burkina Faso, suka sace Fada Pier Luigi Maccalli, limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Italiya da ya daɗe yana aiki cikin Gurmawa. Aka wuce da shi hamadar Mali, inda ya shafe shekara 2 da ƴan makonni, sau da yawa ƙafarsa cikin sarƙa. An sako shi a watan Oktoba 2020 tare da madugun adawar Mali, marigayi Sumaila Sise.

Bayan fitowarsa ya bayyana cewa ba shi da littafi ko coci a inda aka tsare shi, don haka ya yagi ƙyalle ya ƙulla shi ya zama tasbaha, da ita yake addu'a kullum. Ya kuma ce ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Musulmin da ya taɓa zama a hannun masu garkuwa, yana ƙirga salati da gaɓoɓin yatsunsa, zai gane wannan hali ba sai an yi masa bayani ba. Mai bindiga na iya hana fursuna abinci da barci, ya hana shi jin labarin iyalinsa, amma ba ya iya shiga tsakaninsa da abin da yake faɗa wa Ubangijinsa a cikin zuciya.

Kiristocin ƙasar nan ma sun ɗanɗana tasu. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, aka ƙona coci-coci da dama, 45 a Yamai kaɗai bisa ƙididdigar ƴan sanda. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ƴan ƙasa ne da ba su da hannu a zanen. Ba a ji sun ɗauki fansa ba, sun koma suna ibada a cikin kangon gine-ginensu har aka sake gina su. Wannan ma darasi ne ga duk mai hankali.

Lokacin takunkumi

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, shinkafa da magunguna suka yi tsada, ga kuma barazanar yaƙi. A lokacin an yi ta alƙunutu da saukar Alƙur'ani a masallatai, a nan da kuma arewacin Najeriya, domin mutumin Maraɗi da na Katsina, ko na Ƙonni da na Illela, sun san cewa duk harsashin da aka harba a kan dangi zai faɗa. Malamai ba su tsaya a kan buzu ba. A watan Agusta tawagar malaman Najeriya ƙarƙashin jagorancin Shehu Bala Lau ta zo Yamai ta gana da Janar Abdurahaman Ciyani domin neman sulhu. Yaƙin bai auku ba, kuma an ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, ana daf da shiga azumi. Ko mene ne ra'ayin mutum na siyasa a kan wannan rikici, an ga yadda addu'a da tattaki suka tafi tare.

Abin da addu'a ke tsarewa

Babban haɗarin da ke biyo bayan kisan gilla shi ne ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Masu bin diddigin rikicin Tilaberi da arewacin Tawa sun daɗe suna gargaɗin cewa ƴan ta'adda na amfani da tsohuwar rigimar manoma da makiyaya domin su haɗa ƙabilu faɗa. Idan aka kashe wa mutum ɗan'uwa, sai Shaiɗan ya nuna masa cewa duk mai yaren maharan abokin gaba ne. Ranar da ya afka wa rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ya ba maharan sababbin mayaƙa kyauta, domin wanda aka zalunta zai nemi inda zai fake.

Ɗaukar makami cikin fushi ma ba shi da tabbas. Ranar 2 ga Nuwamba 2021 magajin garin Banibangu ya fita tare da ƴan sa-kai, aka yi musu kwanton ɓauna, gwamnati ta ce mutum 69 suka mutu har da shi. Ba wanda zai zargi mutumin da ya tashi kare garinsa, amma garin ya wayi gari da ƙarin zawarawa da marayu.

A nan ne nauyin limamai da fastoci yake. Wanda ya tsaya gaban jama'a yana addu'a, shi ke nuna musu inda za su ajiye fushinsu. In ya roƙi Allah a kan azzalumai, ya haɗa da neman zaman lafiya tsakanin Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Hausawa da Barebari, to ya zuba ruwa a wutar. In kuwa ya ambaci ƙabila ɗungurungum, ya zuba mata fetur. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, sai dai haƙurin da ake nufi bai hana mutum neman haƙƙinsa wurin hukuma, bai kuma sauke wa hukuma nauyin tsare rayuka da gurfanar da masu laifi gaban shari'a ba.

Akwai kuma masu cin kasuwar tsoro, waɗanda ke sayar wa talaka laya da rubutu da sunan maganin bindiga, ko su karɓi jikkunan sefa daga iyalan wanda aka sace da alƙawarin za su dawo da shi. Mutumin da ke neman kuɗin fansa, a ƙara raba shi da ɗan abin da ya rage masa, wannan zalunci ne a kan zalunci. Roƙon Allah ba ya buƙatar dillali.

Amin da buɗaɗɗen hannu

Mu da muke Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, muna cewa amin a bayan liman, ya kamata mu tuna da maganar magabata cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ƙauyukan gundumar Gidan Runji da suka buɗe ƙofa ga ƴan gudun hijira tun 2019, suka raba musu tiyar hatsi da ruwan rijiya alhali su ma ba su da wadata, sun nuna yadda ake haɗa amin da aiki. Kowane masallacin unguwa na iya sanin zawarawa da marayun da rikici ya koro cikinta, ya sa su gaba a rabon zakka da zakkar kono da naman layya. Mai gona na iya ara wa baƙo ɗan fili ya shuka, mai sana'a ya ɗauki maraya ya koya masa ɗinki ko walda, mai hali ya biya wa yaro kuɗin makaranta. Kuma idan an je gaisuwar mutuwa, kada a bar masu takaba da ɗawainiyar ciyar da baƙi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Fambita da Manda da Tiliya da Difa da sauran wurare, ya ba iyalansu haƙurin jure rashi, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare a hannun azzalumai, ya mayar da ƴan gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin.