Daga Tasawa zuwa Gaya: falke da hadari a tsakiyar kogi

Mutumin Tasawa ko na Mayahi ɗan tudu ne. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi, galibin shekara yashi ne ƙafa ke takawa cikinsa. Saboda haka da wuya a sami falke daga wannan yanki wanda ya iya iyo. Amma neman abinci ya kan kai shi Gaya, bakin kogin Isa, hanyar Malanbil da Kwatano.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya. CEDEAO ta ɗage takunkuminta cikin Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar nata gefen a rufe. Sai matafiya suka koma ga kwale-kwale mai inji, su da kayansu.

Ruwa kuwa ba shi da sabo. Cikin Satumba 2017, wani jirgi da ya ɗauko ’yan kasuwa daga Gaya zuwa kasuwar Lolo, cikin jihar Kabi ta Najeriya, ya kife. Fiye da mutum 30 suka riga mu gidan gaskiya, aka kuma ɗora laifin bisa yawan lodi.

Da damina, hadari daga gabas yake tasowa, iska na gaba, ruwan sama na biye. Cikin ɗan lokaci kogin da ke kwance sai ya tashi da igiyoyi. Jirgin da aka cika har bakinsa na shafar ruwa, igiya guda ta ishe shi. Ga kainuwa da ke naɗe farfelar inji, ga kututturan da ambaliya ta ɓoye. In inji ya mutu, iska ta juya jirgi ta ba igiya haƙarƙarinsa, sai abin da Allah ya yi.

Gwanin matuƙi, irin Sarkawan da suka gaji ruwa, da ya ga gabas ta haɗe sai ya nemi gaɓa. In hadari ya rutsa da shi a tsakiya, ya rage wuta, ya fuskanci igiya da goshin jirgi, ya sa yaronsa kwalfe ruwa, ya hana kowa miƙewa tsaye. Ruɗewar fasinjoji, su taru gefe guda, ita kanta ta kan kifar da jirgi.

Ga falke, shawara uku ce. Kada ya shiga jirgin da lodi ya danne. Kada ya ƙetare da dare ko ana haɗa hadari. Ya nemi rigar ruwa, ya ɗaura ta tun daga gaɓa. Su kuma ma’aikatan da ke tsaron mashigi, ƙidayar fasinjoji nauyi ne a wuyansu kamar duba takardu.

Kwana ɗaya a Gaya asara ce da ake mayarwa. Dukiya ana sake nemanta, rai kuwa guda ne.