Zanen Ɓatanci a Faris, Gawawwaki a Damagaram

Ranar 7 ga Janairu 2015 wasu 'yan'uwa biyu ɗauke da bindigogi suka afka wa ofishin mujallar Charlie Hebdo a birnin Faris, suka kashe mutum 12, cikinsu har da wani ɗan sanda Musulmi da suka harbe a bakin titi, bisa da'awar cewa fansar Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, suke ɗauka saboda zane-zanen izgili da mujallar ta sha bugawa. Da mako ya kewayo mujallar ta sake fitowa da wani zanen a bangonta, kuma ranar Juma'a 16 ga watan, bayan an sallame daga masallatai, tarzoma ta ɓarke a Damagaram, washegari ta haura Yamai; kafin ƙura ta lafa an rasa rayuka 10, an ƙone cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram, 'yan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai.

Wanda ke son gane asalin wannan fitina, wajibi ne ya san cewa Bafaranshe ya gaji ba'a ga addini ne daga doguwar husumarsa da cocin Katolika, wanda ya daɗe yana hukunta masu saɓo da takobin sarki, har aka fille kan wani saurayi a garin Abbeville a shekarar 1766 bisa zargin wulaƙanta alamomin addini. Dokar 'yan jarida ta 1881 ta fitar da ɓatanci ga addini daga jerin laifuffuka, dokar 1905 ta raba coci da hukuma, saboda haka a zuciyarsa izgili ga limamai alama ce ta 'yancin da kakanninsa suka ƙwato. Musulmi kuwa, wanda imaninsa ba ya cika sai ya fifita son Annabi a kan son iyayensa da 'ya'yansa, yana jin zanen nan a matsayin cin mutuncin da ya fi zagin uwa ciwo, balle kuma ya fito daga ƙasar da ta mallake shi jiya, wadda har a lokacin kamfaninta ke haƙar yuraniyom a Arlit. Ƙorafinsa na cewa ma'aunin ba ɗaya ba ne yana da tushe, domin Faransa ɗin nan tun 1990 take hukunta wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, alhali da Babban Masallacin Faris ya kai ƙarar mujallar, kotu ta wanke ta a 2007. Ni kam ban ga jarumtaka ba ga mai alƙalami da ya zaɓi abin da ya fi tsarki a wurin marasa rinjaye ya mai da shi abin dariya.

Sai dai idan aka auna sakamakon martanin da aka mayar da makami da wuta, za a tarar bai haifar da komai ba face kishiyar abin da masu yinsa suka ce suna nufi. Mujallar da a da ba ta wuce buga kwafi dubu 60 a mako, kuma tana fama da ƙarancin kuɗi, ta buga kusan miliyan 8 a fitowarta ta bayan harin, aka fassara ta cikin harsuna daban-daban, zanen da 'yan tsiraru suka sani ya shiga ƙasashen da ba a taɓa jin sunanta ba. Haka aka yi tun farko da zane 12 da jaridar Jyllands-Posten ta ƙasar Denmak ta buga a Satumban 2005: da rigimar ta tsananta jaridun Turai suka yi ta sake buga su, aka kuma ƙone ofisoshin jakadanci a Dimashƙa da Bairut, a Maiduguri kuma ranar 18 ga Fabrairu 2006 aka kashe Kiristoci aka ƙone majami'u, kwanaki kaɗan bayan nan aka rama a kan 'yan Arewa mazauna Onica, fatake da 'yan ci-rani waɗanda da yawansu ba su ma san inda Denmak take ba.

Nan ne al'amarin ya fi ɗaci, domin Kiristan Damagaram ko na Maiduguri bai yi zane ba, bai buga ba, hasali ma mujallar nan ba ta bar Annabi Isa, alaihis salam, da Fafaroma ba wajen izgilinta. Babu wata mazhaba da ta halatta a kama wani da laifin wani. Littafin Asshifa na Alƙali Iyal, wanda ake karantawa a masallatanmu duk watan azumi, ya tsananta ƙwarai a kan mai zagin Annabi, amma fuƙaha'un Malikiyya sun danƙa zartar da haddi ga shugaba da alƙali bayan tabbatar shaida, ba su bar shi ga taron da ya fito da fetur da ashana ba. Maƙwabcin da ke zaune da mu bisa amana kuwa, jininsa da dukiyarsa haramun ne.

Ba duka ne za a ɗora a kan kishin addini ba. Damagaram ta daɗe da gungun samari marasa aikin yi, gari ne kuma da adawar siyasa ke da ƙarfi a lokacin, sannan ganin shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, cikin jerin gwanon Faris na 11 ga Janairu ya ƙara hura wutar da ke ruruwa tun da daɗewa. Irin wannan fushi yana neman wanda hannu zai iya kaiwa gare shi, wanda hannu ke kaiwa kuwa shi ne mai rauni na bayan gida.

Ƙofofin halal ba a rufe suke ba: ƙaurace wa kayan Denmak da aka yi a ƙasashen Larabawa a 2006 ya girgiza kamfanoninta ba tare da ɗigon jini ba, kuma a Disamban 2023, bayan matsin lambar ƙasashen Musulmi da fargabar tsaro, majalisar ƙasar ta yi dokar hana wulaƙanta littattafai masu tsarki a bainar jama'a. Kirana ga malamai da limaman Juma'a shi ne, duk ranar da irin wannan labari ya sake zuwa, huɗubar da za ta la'anci ɓatancin ta kuma faɗa wa samari ƙarara, kafin a sallame, cewa taɓa majami'a ko shagon maƙwabci zalunci ne da Shari'a ke hukuntawa.