Rashin Haihuwa: A Duba Gonar Maigida Ma

A Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, in aure ya yi shekara biyu ko uku ba ciki ba goyo, an san inda idon dangi yake komawa. Matar ce za ta sha jiƙe-jiƙe, ita ce za ta yi layi a asibiti, daga baya a yi mata kishiya. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da gane cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje, matsalar tana wajen maigida, ko shi kaɗai ko tare da matar.

Abin da yake ruɗar maza shi ne ɗauka cewa ƙarfin kwanciya shi ne haihuwa. Ba haka ba ne. Mutum yana iya zama lafiyayye garau a shimfiɗa, ruwan maniyyinsa ya fita yadda aka saba, amma babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ciki.

To, daga ina ƙwayoyin suke fitowa? A cikin 'ya'yan maraina akwai siraran bututu a nannaɗe kamar zare, waɗanda in an warware su za su kai ɗaruruwan mita. A jikin bangonsu wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan suke zaune, mu kira su uwar iri. Aikinsu ya yi kama da na manomi mai hankali, wanda ba ya cinye irinsa: in sun rabu, wasu su zauna a matsayin iri, wasu su kama hanyar zama maniyyi. Shi ya sa dattijo ɗan shekara 70 yake iya haihuwa. Tafiyar daga iri zuwa cikakkiyar ƙwaya mai wutsiya tana cin kwana 70 da 'yan kai.

Amma iri ba ya tsira a kan dutse. A cikin bututun akwai wasu ƙwayoyin masu reno, waɗanda wani masani ɗan Italiya, Enrico Sertoli, ya gano a 1865. Su ne suke rungume da ƙananan ƙwayoyin, su ciyar da su, su kuma gina katanga tsakaninsu da jini, don kada garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi ta afka musu. A wajen bututun kuma akwai waɗanda Bajamushe Franz Leydig ya bayyana a 1850, masu sarrafa sinadarin mazakuta. A 1994 Ralph Brinster na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya ɗebi uwar iri daga ɓera mai haihuwa ya dasa a marainan ɓeran da ba ya haihuwa, sai ga maniyyi ya samu. Wato iri da mazauninsa abu biyu ne, kowanne yana iya lalacewa shi kaɗai.

Wannan mazauni ba ya son zafi. Dalilin da ya sa maraina suke rataye a waje ke nan, don su fi cikin jiki sanyi da kamar digiri 2 ko 3. A nan ya kamata direbobinmu masu zama wuni guda a kujera daga Kumasi zuwa Tamale ko Bawku su yi tunani, haka masu gashin burodi da masu aikin wuta a Suame Magazine. Zazzaɓi mai tsanani ma yana rage ƙwayoyin, sai dai in uwar iri tana nan, sukan dawo bayan wata uku ko fiye.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan. Hangum in ya kama namiji bayan ya balaga yana iya sauka a maraina ya ƙanƙantar da su. Ciwon sanyi da aka yi wa maganin jeka-na-yi-ka yana toshe hanyar fita, gona tana yi amma ba hanyar kai amfani kasuwa. Yaron da aka haifa ɗan marainansa bai sauko ba, a kai shi ga likita da wuri, domin ana so a yi aikin kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Sai kuma abin takaici na zamani: allurar sinadarin mazakuta da wasu samari suke yi don kumbura ƙwanji. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ji sinadarin ya yi yawa a jini, sai ta daina aika wa maraina umarni, aikin ya tsaya.

Magungunan ciwon daji masu ƙarfi suna iya kashe uwar iri kanta. Babban mutum yana iya ajiye maniyyinsa a daskare kafin a fara magani, yaro kuwa ba shi da abin ajiyewa. A 2019 masana a Jami'ar Pittsburgh sun ba da labarin 'yar biri da aka haifa daga tsokar marainan birin da bai balaga ba, wadda aka daskarar aka sake dasawa. Ga 'yan Adam, abin yana matakin gwaji.

Gwajin maniyyi kuwa ba yanka ba allura, ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha. Maigida ya je asibiti irin Komfo Anokye, wanda muka fi sani da Gee, ya nemi a rubuta masa. Za a ce ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ya ba da samfuri. In sakamakon farko bai yi kyau ba, likita yakan sa a sake bayan kamar wata uku, lokacin da sabon zubi ya nuna.