Mai Gadin Hanta da Gyaɗar da Ta Yi Hunhuna

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a kasuwar Batsari ya san lafiyayyar hanta: sumul take, ga laushi, wuƙa na ratsa ta ba gardama. Wadda ta daɗe da ciwo kuwa sai ka gan ta ta yi tauri, ta yi gudaji-gudaji. Wannan taurin tabo ne, kuma haka yake faruwa a cikin mutum.

A cikin hanta akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, aikinsu ajiyar bitamin A. Da hanta ta ji rauni sai su farka, su shiga saƙa zaren kolajin don ɗinke wurin. In sau ɗaya ne, ya warke. In raunin ya zama na kullum, saƙar ba ta tsayawa, har zaren ya shaƙe hanyoyin jini. Daga nan ne ciki ke tara ruwa, shawara ta fito a idanu.

To amma hanta na da mai gadi, wani furotin da aka gano a 1994, ana ce masa Nrf2. A zaman lafiya ɗaure yake a turke. Turken wani furotin ne, Keap1, wanda Masayuki Yamamoto da abokan aikinsa suka bayyana a Japan a 1999. Guba na shigowa sai ta taɓa turken, igiya ta kwance, Nrf2 ya shige tsakiyar ƙwayar halitta ya ta da masu haɗa gulutatayon, sinadarin da ke kama guba a fitar da ita. In raunin ya ragu, masu saƙa ba su da dalilin farkawa. Ɓerayen da aka cire wa Nrf2 a ɗakin gwaji sun fi saurin yin tabo.

Abin da ke damuna shi ne nauyin da muke ɗora masa. Gyaɗa ko masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin hunhuna mai fitar da gubar afulatoksin. Manomin Safana da rashin tsaro a bakin dajin Rugu ya sa ya kwashe amfaninsa a gurguje ba shi da laifi, amma gubar tana nan. Suya ba ta kashe ta, kuma in an matse mai a tunkuza take zama, ta bi ƙuli-ƙuli. In ta tarar da cutar hanta nau'in B, haɗarin sankara ya ninka sau da yawa.

Kada kuma a ruɗe mu da jiƙon "wanke hanta". Ƙwayoyin sankara kansu suna tsinke igiyar Nrf2 don su kare kansu daga magani, saboda haka zuga shi ba lissafi ba alheri ba ne. Abin da ya fi shi ne a rage masa nauyi. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin na jarirai a Najeriya tun 2004, ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Gyaɗar da uwargida ta tsince a faifai, baƙaƙen da motsattsun, a binne ta, kar a sayar wa mai ƙuli da araha.